Gurrumul Ya Tafi, Muryar Tana Nan



Ranar Talata 25 ga watan Yuli na shekarar 2017, wani mawaƙi ya rasu a gadon asibiti a birnin Darwin, can ƙuryar arewacin ƙasar Ostireliya, yana da shekara 46. Kafin gari ya waye labari ya karaɗe ƙasar. Firaminista Malcolm Turnbull ya yi ta'aziyya, manyan mawaƙa suka yi, talakawa suka yi ta kuka. Amma duk wanda ya buɗe jarida a ranar ya ga abin mamaki. Yawancin jaridun ba su buga hoton mamacin ba, kuma ba su rubuta cikakken sunansa ba. Abin da kawai za ka gani shi ne Dakta G. Yunupingu. Mutumin da aka san fuskarsa a kowane lungu na ƙasar, wanda zanen fuskar tasa ya ci babbar kyautar zane ta Archibald a 2009, sai ga shi ya wayi gari ba a kiran sunansa.

Ba raini ya jawo haka ba. Al'adar mutanensa ce, al'ummar Yolngu, waɗanda ke cikin 'yan asalin ƙasar. A wurinsu idan mutum ya mutu, sunansa na yanka yakan kwanta tare da shi na tsawon lokaci, wani sa'in shekaru. Ba a ambatonsa, ba a nuna hotonsa, har mai suna irin nasa yakan koma amsa wani. Shi ya sa har gobe tashoshin talabijin na Ostireliya sukan yi gargaɗi kafin su nuna shiri, cewa 'yan asalin ƙasa su sani za a iya ganin fuskoki ko jin muryoyin waɗanda suka riga mu. Sai bayan an kammala jana'izarsa a tsibirinsu, a ƙarshen shekarar 2017, danginsa suka zauna suka yi shawara, suka ce sun yafe wannan hani a kansa domin kada waƙoƙinsa su bi shi kabari. Da izinin nan nasu nake kiran sunansa yau a wannan tasha: Geoffrey Gurrumul Yunupingu.

An haife shi ranar 22 ga Janairu 1971 a Galiwin'ku, wani gari da ke tsibirin Elcho, kimanin kilomita 500 gabas da Darwin, a yankin da ake kira Arnhem. Mahaifinsa ɗan zuriyar Gumatj ne, mahaifiyarsa 'yar Galpu. Da makanta aka haife shi, bai taɓa ganin hasken rana ba. Bai koyi rubutun makafi ba, bai riƙe farar sanda ba, bai yi kiwon karen jagora irin na Turawa ba. A tsibiri ya tashi cikin dangi, inda kowa ya san ɗan wane ne, kuma duk inda ya nufa akwai kafaɗar da zai dafa. Makarantar boko ma bai yi nisa a cikinta ba.

Kunne kuwa Allah Ya ba shi. Garin nasu mishan ne na 'yan Metodis tun shekarar 1942, don haka yaron ya tashi tsakanin kiɗa biyu. Ga waƙoƙin coci da iyayensa mata da gwaggwanninsa suke rerawa murya bisa murya, ga kuma waƙoƙin gargajiya na zuriya, waɗanda ake kira manikay, da ake yi da sandunan tafi guda biyu da kuma yidaki, wani dogon icce da gara ta rarake cikinsa, ana busa shi yana gurnani. Da aka miƙa masa jita, ta masu hannun dama ce, shi kuwa bahago ne. Bai ce a sake ɗaura tsirkiyoyin ba. Juya ta ya yi kawai, kauraran tsirkiyoyi suka koma ƙasa, siraran suka dawo sama, ya koya wa kansa a haka. A haka ya kaɗa ta har ya bar duniya. Duk makaɗin jita da ya zuba wa yatsunsa ido sai kansa ya ɗaure, domin komai a kife yake, amma sautin da ke fita tas.

Mu nan ƙasar Hausa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mun san Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, wanda ya bar mana Imfiraji. Amma a faɗi gaskiya, sau nawa muke ganin yaro makaho mu hango masa wani abu da ya wuce ƙoƙon bara? Mutanen Galiwin'ku, da talaucinsu da komai, ganga da jita suka miƙa wa nasu.

Yana saurayi ya shiga ƙungiyar Yothu Yindi, wadda baffansa Mandawuy Yunupingu yake jagoranta. Ita ce ƙungiyar da ta girgiza Ostireliya a 1991 da waƙar Treaty, wadda ke tuna wa gwamnati alkawarin da ta yi na ƙulla yarjejeniya da 'yan asalin ƙasa, alkawarin da har yau ba a cika ba. Gurrumul yana can baya, yana kaɗa ganga, yana taɓa madannai, yana amshi. Ya zaga duniya da su, ya gaji, ya koma tsibiri, ya shiga wata ƙungiya ta 'yan gida mai suna Saltwater Band. Da a nan labarin ya tsaya, da sai dai a ce wani gwanin makaɗi ne da 'yan yankinsa suka sani.

Sai ga wani Bature makaɗi, Michael Hohnen, wanda shi da abokinsa Mark Grose suka kafa wani ƙaramin kamfanin waƙa a Darwin, Skinnyfish Music. Hohnen ya ji abin da ke cikin maƙogwaron mutumin nan, ya ce a cire ganguna, a cire hayaniya, a bar muryar ita kaɗai da jita da ɗan abin da zai tallafe ta. A farkon 2008 faifan ya fito, sunansa kawai Gurrumul.

To, a nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan maganar take. Kusan dukkan waƙoƙin faifan nan da harsunan Yolngu aka yi su: Gumatj, Galpu, Djambarrpuyngu. Masu jin waɗannan harsuna, in ka tara su duka, 'yan dubbai ne. Duk wani masanin kasuwar waƙa zai ce maka wannan hanyar asara ce, a sa Turanci in ana son ciniki. Aka ƙi. Faifan ya yi ta tafiya daga baki zuwa baki, har aka sayar da kusan rabin miliyan a duniya. Mutanen Sydney da Melbourne, waɗanda da yawansu ba su taɓa zama sun ci abinci da Ba'aborijine, wato ɗan asalin ƙasar, ko sau ɗaya ba, suka riƙa sa shi a mota da ɗakin haihuwa da wurin jana'iza. Ba su san me yake faɗa ba, amma hawaye na zuba.

Muryar siririya ce, tana can sama, ba ta rawa, ba ta ƙaraji. Ba ya jan baiti don a yaba masa. Idan ka ga bidiyonsa, zaune yake a kujera, jita a cinya, kai a ɗan sunkuye, fuska ba ta motsi, in ban da leɓɓa da yatsu babu abin da ke aiki a jikinsa. A gefensa Hohnen na tsaye da babban gogen nan na Turawa da ake kafawa a ƙasa, yana tsinkar tsirkiya a hankali. In waƙa ta ƙare, zaure ya ɓarke da tafi, shi dai yana zaune, wani lokaci ya ɗan yi murmushi. Ba ya gaisuwar 'yan kallo, ba ya ba da labari tsakanin waƙa da waƙa. Hohnen ne ke magana a madadinsa, a dandali da gaban 'yan jarida.

Me yake faɗa a waƙoƙin? A nan ne masu saurarensa da yawa suka tsaya a bakin ƙofa. Sun ɗauka waƙoƙin lallashi ne, na kwantar da hankali bayan an taso aiki. Alhali mutumin lissafin zuriyarsa yake yi. Akwai waƙar da ya yi wa mahaifinsa, Bapa. Akwai Wiyathul, mai maganar wata tsuntsuwar daji mai jan ƙafa da kukanta ke tuna wa mai ji ƙasar kakanni. Akwai kada na ruwan gishiri, wanda shi ne tambarin zuriyar Gumatj. Akwai gajimare, da iska, da sunayen wurare ɗaya bayan ɗaya. A wurin Yolngu waƙa irin wannan hujja ce. Ita ke nuna wace zuriya ke da wane gaɓar teku, wa ke da hakkin rera me, wa zai tsaya a ina ranar binne wa. Mutum ba ya tashi kawai ya rera waƙar da ba ta gidansu ba. Saboda haka duk abin da Gurrumul ya fitar wa duniya sai da dattawa suka amince, kuma akwai abin da bai taɓa fitarwa ba.

Kuma wannan gida na Yunupingu sun daɗe suna magana da gwamnati da kayan gargajiyarsu. A 1963, lokacin da aka yanka ƙasarsu aka ba kamfanin haƙar ma'adinai ba tare da an tambaye su ba, dattawan Yolngu na Yirrkala sun aika wa majalisar dokoki ta Canberra takardar koke da aka manna a kan ɓawon itace, aka kewaye ta da zanen zuriyoyinsu. Galarrwuy Yunupingu, yayan Mandawuy, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar hakkin ƙasa. Gurrumul bai taɓa hawa mumbari ya yi jawabin siyasa ba. Amma a ƙasar da aka taɓa dukan yara a makaranta don sun yi harshen iyayensu, a ƙasar da Turawa suka tarar da harsuna sama da 250 a 1788, yau kuwa waɗanda yara ke tashi da su a baki ba su kai 20 ba, mutum ya zauna a babban zauren Opera na Sydney ya yi waƙa bai roƙi kowa gafara don ba ya Turanci ba, ni a ganina wannan ya fi jawabi nauyi.

Lokacin ma ya dace. A ranar 13 ga Fabrairu 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar 'yan asalin ƙasa, musamman waɗanda aka ƙwace suna yara daga hannun iyayensu aka kai gidajen mishan da na gwamnati. Ƙasar na cikin wannan yanayi na nadama faifan ya iso. Daga nan ƙofofi suka yi ta buɗewa. Ya yi waƙa a zauren Carnegie na New York. A 2009 a birnin Paris aka haɗa shi da mawaƙi Sting a wani shirin talabijin, Sting ya yi nasa da Turanci, shi ya amsa da harshen gidansu. Faifansa na biyu, Rrakala, ya fito a 2011. A 2012 ya je Landan bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 60 a kan gado, a shekarar kuma Jami'ar Sydney ta ba shi digirin girmamawa, inda Daktan nan ya samo asali. Ya yi waƙa a gaban Barack Obama. Duk wannan bai ɗaɗa shi da ƙasa ba. Akwai lokacin da aka gama shirya masa rangadin Amurka, aka sayar da tikiti, ranar tafiya ba a gan shi ba, yana gida wurin hidimar dangi. Kamfani ya yi asara. Shi kuwa a lissafinsa abin da ya fi muhimmanci ya zaɓa.

Jama'a, yanzu ga inda zuciyata ke ƙuna. Mutumin da ya yi waƙa a gaban sarauniya da shugaban Amurka, me ya kashe shi yana ɗan shekara 46? Ciwon hanta da ciwon ƙoda. Ciwon hantar tun yana yaro ya kamu da shi, nau'in nan na B, wanda yau allurar rigakafi ke hanawa. Ƙodar kuma ita ce annobar da ke cin mutanensa. Baffansa Mandawuy, malamin makaranta, gwarzon shekara na Ostireliya a 1992, ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi a 2013 yana da shekara 56. Gida ɗaya, manyan mawaƙa biyu, cuta ɗaya, tsakaninsu shekara 4.

Likitoci sun san dalilan, ba ɓoyayyu ba ne. Jarirai da ake haifa ba su cika nauyi ba, ƙodarsu tun farko ƙarama. Gida mai ɗaki uku da mutum goma sha ke kwana ciki. Ƙazuwa da gyambon fata da ke shigar da ƙwayar cuta jini har ta taɓa ƙoda. Kantin gari da kayan lambu ke tsada kamar zinariya, lemon kwalba kuwa araha, sai ciwon suga da hawan jini su biyo. A Yankin Arewa na Ostireliya 'yan asalin ƙasa kusan kashi 30 cikin 100 ne na jama'a, amma in ka shiga ɗakin wankin ƙoda su ne suka cika gadajen. A ƙasa baki ɗaya kuma, Ba'aborijine na mutuwa kusan shekara 8 kafin ɗan'uwansa ɗan ƙasa. Wannan fa a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi kowa arziki a duniya.

Mai saurarena da ke Gashuwa ko Haɗeja ba sai na yi masa bayanin wankin ƙoda ba. Ya san sau uku ne a mako, kowane zama kusan awa huɗu, an soka maka allurai biyu jininka na zagayawa cikin inji. Ya san yadda ake barin gari a tare kusa da inda injin yake. To haka abin yake ga mutanen Arnhem, sai dai su jirgin sama ne tsakaninsu da gida. Mutumin da duk waƙarsa sunan ƙasarsa ce, wanda ya san tsibirinsa da tafin ƙafa da ƙamshin iska, sai a ce ya zauna Darwin kusa da inji. Ga mai ido ma wannan ɗauri ne, balle makaho. An ba da rahoton cewa a kwanakinsa na ƙarshe ya riƙa ƙin zuwa wankin. Ni ba zan zarge shi ba.

Shekara guda kafin rasuwarsa, a 2016, manajansa da likitan ƙodarsa sun fito fili sun yi zargin cewa an kai shi asibiti yana zubar jini ta ciki, aka bar shi awanni ba a yi masa abin da ya kamata ba, kuma aka rubuta a takardarsa abin da ke nuna giya ce ta jawo masa, alhali ciwon na tun yarinta ne. Hukumomin lafiya na yankin sun musanta. Ba ni ne alƙali ba. Amma tambayar da mutanensa suka yi a lokacin tana nan: in wanda duniya ta sani zai iya shiga wannan hali, ina ga tsohuwar da ba ta da manaja, ba ta da mai kira wa 'yan jarida?

Kuma ba wai babu mafita ba ne. A hamadar tsakiyar ƙasar, mutanen Pintupi sun gaji da ganin dattawansu na mutuwa a Alice Springs nesa da gida. A shekarar 2000 masu zanensu suka yi manyan zane-zane aka yi gwanjonsu, aka tara sama da dalar Ostireliya miliyan 1, da ita aka kafa abin da yau ake kira Purple House, mai kai injin wankin ƙoda har ƙauye, har da babbar mota mai yawo da shi. Talakawa masu fenti da buroshi suka fara abin da gwamnati ta daɗe tana cewa ba zai yiwu ba.

Gurrumul ya tafi ya bar aiki a kammale. Ya shafe sama da shekara 4 shi da Hohnen da wani mai tsara kiɗa, Erkki Veltheim, suna gina faifan da ya fi duk na baya wuya. Suka ɗauki waƙoƙin manikay na ainihi suka aza su a kan cikakkiyar ƙungiyar makaɗan Turawa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka bi bugun yidaki, numfashi bayan numfashi, suka rubuta shi a takarda, suka ba masu manyan goge su kaɗa. Makaɗan da suka yi shekaru suna koyon Bach da Mozart suka zauna suna gumi a kan kiɗan tsibirin Elcho. An gama aikin makonni kaɗan kafin ya cika. Sunan faifan Djarimirri. Ya fito a Afrilun 2018, ya hau lamba ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saye a Ostireliya, karo na farko a tarihi da faifan da aka yi da harshen 'yan asalin ƙasar ya kai wannan matsayi. A shekarar ne kuma fim ɗin tarihin rayuwarsa na Paul Williams ya fito, wanda shi da kansa ya amince da shi kwana uku kafin rasuwarsa.

A watan da ya rasu ɗin nan, masu binciken tarihi suka wallafa sakamakon tonon da suka yi a wani kogon dutse mai suna Madjedbebe, a gefen yankin Arnhem, inda suka ce mutane na zaune a wurin tun shekara 65,000 da suka wuce. Masana na ta muhawara a kan adadin, amma ko an rage, babu mai musun cewa al'adar da ta haifi wannan mawaƙi na cikin mafi daɗewa a bayan ƙasa. Yau matasan Yolngu irin su Baker Boy da ƙungiyar King Stingray suna cin kasuwa da harshensu, ba wanda ke ce musu su sauya. Hanyar da Yothu Yindi ta sara, Gurrumul ne ya faɗaɗa ta.

Sai dai kada daɗin waƙa ya rufe mana ido. A watan Oktoba na 2023 aka tambayi 'yan Ostireliya a ƙuri'ar raba gardama ko za a sa wa 'yan asalin ƙasa wata majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki. Kusan kashi 60 cikin 100 suka ce a'a. Ƙauyukan Arnhem da makamantansu kuwa e suka ce, da rinjaye. Ina da yaƙinin cewa cikin masu a'ar nan akwai dubbai da faifan Gurrumul ke cikin motarsu. Sun so muryar mutum ɗaya da ke rera abin da ba su fahimta, amma da danginsa suka zo da magana a fili da Turanci, sai kunne ya toshe. Wannan shi ne hukuncina a kan Ostireliya, kuma ina faɗarsa da baƙin ciki, domin ƙasar ta nuna tana iya saurare in ta ga dama.

Ga danginsa na Gumatj da Galpu, da dukkan mutanen Galiwin'ku, muna miƙa ta'aziyya daga nesa, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Kai kuma mai saurare, in kana da waya a hannu, nemi Wiyathul ko Bapa ka saurara yau da dare, ka nemi fassarar ka karanta. In kuma akwai jariri a gidanka, ka tabbata an yi masa allurar ciwon hanta tun ranar haihuwa, domin cutar da ta fara cin wannan bawan Allah tun yana yaro tana nan da yawa a cikinmu.